Kwana Goma Bayan Yaye

Jikar maƙwabciyata ce ta fama mini wannan tsohon miki, ba kuma da gangan ba. Shekararta takwas da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta shigo gaishe ni, hira ta yi nisa, sai take gaya mini likita ya ce ƙwan haihuwarta ne ba ya nuna, amma wai yanzu akwai dabarar da ake ɗaukar ƙwan wata mace a haɗa da ruwan miji, a dasa a mahaifar wadda ba ta samu ba, ita ta ɗauki cikin, ita ta haifa. Ƙanwarta ta ce ta yarda a ɗauki nata. Malamin da suka tambaya ya ce bai halatta ba, mijin kuma ya rasa inda zai sa kansa. Ni dai na saki baki ina saurare, don mu a zamaninmu kaza da zabuwa muka sani da ƙwai.

Can sai ta ce, "Hajiya, da a lokacinku aka zo da wannan, kuma a ce ya halatta, za ki ba 'yar'uwarki?"

Na ce, "Me zai hana?" Da sauri ma na faɗa, har da gyara zama. Bayan ta fita na kasa cin abincin rana. Ni na taɓa ba 'yar'uwata abin da ya fi ƙwai, 'ya sukutum mai tafiya da ƙafarta, kuma na san yadda na yi da kyautar.

Mu biyu ne mata a ɗakin Innarmu a Malumfashi, ni da Yaya, shekara tara a tsakaninmu. A bayanta na girma. Ita ba ta yi boko ba, ni kuwa na gama firamare, abin da ya sa nake ganin duk gidan babu mai wayewata. Aka kai Yaya wani ƙauye bayan Ƙarfi, gidan wani manomi mai sanyin hali. Ni kuma da lokacina ya yi aka kai ni Funtua, inda mijina yake malamin awo a kasuwar auduga. Ina da ɗaki mai rufin kwano da rediyo, sai kaina ya ƙara girma.

Lokacin da na samu cikin fari, Yaya tana shekara goma sha biyu a ɗakinta babu haihuwa. Babu abin da ba ta sha ba. Ta sha rubutu har haƙoranta suka dafe, ta sha saiwoyi masu ɗacin da ko akuya ba za ta lasa ba, mijinta ya sayar da dawa ya kai ta asibiti a Zariya aka yi mata wankin mahaifa, duk shiru. Shi mijin bai taɓa yi mata gori ba. Uwarsa ce dai, da suke gida ɗaya, bakinta ba ya hutawa. Daga ƙarshe wata tsohuwa Bamaguza mai ba da magani a gefen ƙauyensu ta ce wa Yaya ta daina wahalar da cikinta da jiƙe-jiƙe, ta samu yaro ta riƙa, don bayan mace in ya ji ɗumin goyo, ciki yakan biyo baya. Yaya ta riƙe maganar nan da hannu biyu.

A wajenmu kuwa ɗan fari dama ba na uwarsa ba ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai dai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Matar da aka ga tana rawar jiki a kan ɗan farinta ta zama abin zunɗe, a ce ba ta da kunya, a ce gidansu ba a yi tarbiyya ba. Kuma in an yaye shi, yawanci wata ce a dangi take ɗauka ta riƙe har aure. Saboda haka da Inna ta ce abin da ke cikina na Yaya ne da zarar an yaye, babu wanda ya ga wani abu a ciki. Mijina ya ce ya ba ta duniya da lahira. Ni kuma na taɓe baki na ce, "In ana iya ɗauka tun yau ma, a ɗauka." Mata suka yi dariya, Yaya ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin mayafi.

Na haifi mace. Kunyar nan kuwa na yi ta har na wuce kowa. In da baƙi a ɗaki, sai yarinyar ta yi kuka ta gaji ban motsa ba, sai an yi mini faɗa sannan in juya baya in ba ta nono ina tsaki. Tsofaffi suka riƙa misali da ni, wai ga 'yar boko amma ta fi 'yan ƙauye alkunya. Yabon nan ya yi mini daɗi ƙwarai. Abin da ba su sani ba, in mijina ya fita aiki na turo ƙofa, sai in ɗora ta a ƙirji in yi ta shinshinar kanta ina kiran sunanta a hankali har ta yi barci. Ina son yarinyar nan kamar in haɗiye ta, kuma babu mahalukin da na bari ya gane.

Da ta kusa shekara biyu aka sa ranar yaye. Kaka ce, auduga ta fashe fari fat a gonaki. Malam ya yi rubutu aka dama da fura aka ba ta, na shafa ɗaci a nono ta kama ta saki tana yamutsa fuska. Yaya ta zo da sabon zanen goyo da ta daɗe da ajiyewa a ƙasan akwati, ta goya ta, yarinyar ko kuka ba ta yi ba don ta saba da ita. Kafin su tafi Inna ta kafa mini doka. Kwana arba'in ba zan taka ƙauyen ba, kada yarinya ta gan ni yaye ya warware. Sannan ta tuna mini abin da kowace mace ta sani a lokacin, cewa nonon da ya kwana uku ba a sha ba ya lalace, duk yaron da ya koma masa sai ciwon ciki. Na ce, "Inna, ni da na samu hutu, me zai kai ni?"

Kwana goma na yi. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, na ɗaure da zane, na gasa da ruwan zafi, duk da haka in ɗan maƙwabta ya yi kuka sai rigata ta jiƙe. Ciwon jikin mai sauƙi ne. Abin da ya fi ƙarfina shi ne shirun ɗakin da hantsi, lokacin da take bin ƙafata tana jan zanena. Ranar na goma ina shara na tsinci ɗan kwanon da take shan koko a bayan randa. Na ce wa mijina zan je Malumfashi duba Inna. Na shiga mota, da muka isa Malumfashi ko unguwarmu ban kalla ba, na faɗa a-kori-kura mai zuwa Ƙarfi, daga nan na taka da ƙafa.

Na isa rana ta take. Kowa yana gonar auduga har uwar mijin, Yaya ce kaɗai a gida tana tankaɗe. Da ta gan ni ta miƙe da gari a hannu.

"Lafiya? Inna ce?"

"Lafiya lau. Kwanonta kika manta, na ce ƙila ba ta shan koko sai a cikinsa."

Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta yi dariya. "Tun daga Funtua saboda kwano? To yi magana a hankali, barci take. Kada ki bari ta ji muryarki."

Ta shimfiɗa mini tabarma nesa da ɗakin, ta zauna tana ba ni labari da raɗa. Kwana uku na farko yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dishe. Rana ta huɗu ta karɓi koko. Yanzu kuwa har tuwo take ci da hannunta, tana bin kaji a tsakar gida. "Jiya ma," in ji Yaya, "ta riƙe mani zane ta ce Inna." Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba, kamar an cire mata shekara goma. Ya kamata in yi murna. Haushi na ji, haushi mai zafi, cewa kwana goma kacal ya ishi yarinyar nan ta manta da ni.

Yaya ta ce ba zan zo gidanta in koma da miyar kuka a ciki ba. Ta bi wata kaza ta kama, kuma da yake babu namiji a gida, sai ta kai gona mijinta ya yanka. Tana fita ta sake jaddada mini in zauna inda nake.

Ban yi shawara da zuciyata ba, ko kuma na yi tun a mota, ban sani ba. Na ɗaga asabari na shiga. Tana kwance a gadon Yaya an yi mata sabon kitso, an sa mata kwalli, ta yi ɓul-ɓul. Na ce zan duba ta kawai. Na ce zan taɓa ƙafarta kawai. Sai ga ni zaune na kwance ɗaurin ƙirji, ita kuma ko ido ba ta buɗe ba ta kama. Ta sha ɗaya ta sha ɗaya, hannunta yana wasa da sarƙar wuyana kamar yadda ta saba. Na san maganar Inna, na yarda da ita ɗari bisa ɗari, ina ji a raina guba nake ba ta, kuma ban cire ba sai da ta ƙoshi.

Da na zo kwantar da ita sai ta buɗe ido ta gan ni. Ta ƙanƙame rigata. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya na fita da gudu na koma tabarma, ita kuma ta tsala ihun da ya jawo Yaya tun daga bayan gida. Ta yar da kazar ta shige ɗaki.

"Ta gan ki?" ta tambaye ni daga ciki.

"Ina nan zaune ta farka. Ƙila mafarki ta yi."

Da wadda ta taɓa shayarwa ce, kallo ɗaya za ta yi wa gaban rigata ta gane, don abin da ya shigo a cike ya koma a sake. Yaya ba ta san wannan ba. Ta goya yarinyar ta lulluɓe mata kai don kada ta gan ni, ta fige kaza a haka, ta dafa a haka, tana jijjiga tana ba ni haƙuri wai na zo ban samu hira ba. Na ci kazar nan. Har yau in na tuna na ci, sai in ji kamar in tona ƙasa in shiga.

Kwana takwas bayan haka wani direba ya kawo saƙo cewa in je Malumfashi, yarinya tana asibiti. Tun ranar da na baro ƙauyen ta ƙi koko, ta ƙi tuwo, ta ƙi fura, sai kuka da cusa kai a ƙirjin Yaya tana neman abin da babu. Daga nan zawo ya kama ta. Da na gan ta ban gane ta ba, idanu sun zurma, wuya ya saki. Aka yi mata ƙarin ruwa, Allah ya sa da sauran kwana, rana ta huɗu ta farfaɗo aka sallame mu zuwa gidan Inna.

A tsakar gidan Inna aka zauna da la'asar. Uwar mijin Yaya ce ta fara, ba ta ko jira an gama gaisawa ba.

"Ni dai na faɗa tun farko ba a ji ba. Akwai hannun da Allah bai yi shi don goyo ba. An kawo ɗiya lafiyayya kamar tuwon shinkafa, kwana ashirin ta zama tsinke. Wadda ba ta haifa ba, ina za ta san ciwon yaro? Ku ɗauke abinku tun ba a ce a gidana ta mutu ba."

Yaya ta sunkuyar da kai. Ta rame ita ma, kwana takwas ba ta runtsa ba. Inna kuwa ta yaye 'ya'ya da jikoki ba adadi, ta san yaron da ya karɓi abinci ba ya komawa baya haka kawai. Ta juyo ta kafa mini ido.

"Ke. An ce mani kin je ƙauyen, bayan na hana ki. Kin ba ta nono?"

Wallahi a cikin ƙiftawar ido na ga komai. Na ga matan unguwa suna daka suna ba da labarin wadda ta hau mota biyu ta bi 'yar farinta har ƙauye. Na ga tsofaffin da suke misali da ni suna tafa hannu. Na ga mijina yana jin cewa na yi masa ƙarya na kuma kusa kashe masa 'ya. A gefe guda kuma ga Yaya zaune a kan turmi, hannunta a cinya. Ban ɗauki lokaci ina aunawa ba.

Na ce, "Ni? Me zan yi da ita? Kwano na kai. Ko ƙofar ɗakin ban kalla ba."

Sai Yaya ta ɗago kai ta ce, "Gaskiya ne, Inna. A tabarma na bar ta, a tabarma na iske ta. Wannan da ko sunan ɗiyar ba ta faɗi? Kada ku ɗora mata. Laifina ne, ban iya ba."

Inna ta daɗe tana kallona. Ban sani ba ko ta yarda, har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da maganar ba. Ta dai ce Allah ya kyauta. Mijina ya aiko daga zaure cewa da 'yarsa zai koma Funtua. Inna ta so ta gyara, ta ce a bari yarinyar ta warke sosai a mayar da ita. Yaya ce da bakinta ta ce a'a, a bar ta wurin uwarta. Ta kwance zanen goyon ta ninke ta miƙa mini, ta ce yarinyar ta saba da shi.

Na samu abin da nake so, kuma aka ce na yi haƙuri, aka ce na yi kawaici da ban yi wa Yaya faɗa ba.

Bayan wasu shekaru muna da wata maƙwabciya Bayarabiya, haifaffiyar Funtua, ungozoma ce a asibiti. Wata rana na tambaye ta, kamar labarin wata nake bayarwa, ko nonon da ya kwana goma yana sa zawo. Ta yi dariya ta ce nono ba ya lalacewa a jikin mace, zawo daga ruwa ne ko daga abinci. Amma ta ce yaron da aka tayar wa da kewa ya ƙi ci, jikinsa ya yi rauni, kowace cuta ma tana iya kayar da shi. Na ɗauka zan ji sanyi, ban ji ba. Ko da nonon bai yi komai ba, ranar da aka tambaye ni na yi imani shi ne, kuma na bari aka rataya wa Yaya.

Maganar uwar mijinta kuwa ta bi gari. A ƙauyen, mata suka riƙa kiran 'ya'yansu in sun ga sun nufi ƙofarta. A wajen suna, inda ake miƙa jariri hannu zuwa hannu kowa ta sa albarka, sai a tsallake ta kamar ba a lura ba. Daga baya ita da kanta take tashi ta ce bari ta duba tukunya tun kafin a zo kanta. Ciki kuma bai taɓa zuwa ba. Da na haifi na uku, namiji, ni da kaina na je na ce in an yaye nata ne. Ta yi murmushi ta ce, "Kina so in ƙarasa maki wannan?" Na huɗu ma haka. Daga nan na daina tayi, kuma kada in yi ƙarya, kowane ƙi da ta yi sai na ji sauƙi a ɓoye.

Sau nawa na yi niyyar gaya mata, ban san iyaka ba. Shekarar farko na ce bari ƙura ta lafa. Shekara ta biyar na ce ai yanzu faɗin zai fi yi mata ciwo. A tsakani na samu aikin koyarwa a firamare, ina tsayawa gaban allo da bulala ina zane 'ya'yan mutane a kan ƙarya, in dawo gida in tarar Yaya ta aiko wa yarana da gyaɗa da rake.

Shekara goma sha uku bayan yayen nan na haifi autana. Inna ta riga ta rasu a lokacin, sai Yaya ta zo ta yi mini zaman jego. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke wanke tsummokaran jariri ta shanya ta ninke. Jaririn kansa kuwa wata tsohuwa a maƙwabta take kira ta yi masa wanka. Rana ta biyar da safe, na fito daga wanka jikina yana turiri, yara duk sun tafi makaranta, daga ni sai ita a ɗaki. Yaron ya fara kuka. Na ɗauke shi na miƙa mata.

"Yaya, karɓe shi in ɗaura zane. Don Allah karɓe shi."

Ta goge hannuwanta a zane kamar za ta karɓa. Ta leƙa fuskarsa ta daɗe tana kallo. Sai ta mayar da hannuwan baya ta harɗe.

"Aje shi bisa gado in jijjiga mashi katifa. Kin san hannuna."

Babu ɗaci a muryarta, yadda mutum zai ce kin san ba na cin barkono, haka ta faɗa. Na ajiye shi. Ta sa gwiwa tana danna gefen katifar a hankali, tana yi masa 'yar waƙa, hannuwanta suna baya. Furfura ta cika mata kai. Na ce a raina yau ko me zai faru sai na faɗa.

"Yaya, akwai abin da nake so in gaya maki."

"Ina jin ki," ta ce, ba ta ɗauke ido daga kan yaron ba.

Na tsaya da zane a hannu. Yaron ya yi shiru, katifar tana ƙara kaɗan-kaɗan. Sai na ji bakina ya ce, "Kunun jiya kanwa ta yi mashi yawa."

Ta ce in yi haƙuri, gobe za ta rage. Damina biyu bayan haka ta rasu, ba ta sake ɗaukar ɗan kowa ba, ni kuma ban gaya mata ba.